Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Jigawa a Kan Waɗanda Suka Farfaɗo Daga Gubar Gawayi

Mai Girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da iyali. Allah ya taya ka riƙo.

Ni tsohon malamin asibiti ne. Shekara 31 na yi a ƙananan asibitocin karkara kafin na ajiye aiki, yanzu ina ƙauyenmu a ƙasar Gumel ina noman gero da riɗi. Na rubuto maka a fili ne saboda maganar ta shafi ƙannena da ke bakin aiki, ta kuma shafi duk gidan da ake shiga ɗaki da kasko idan sanyi ya sauko. Da laifina zan fara, don kada a ce na zo nuna wa wani yatsa.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta ɗan haura 60. Ita ce uwar adashin matan unguwarmu. Ba ta yi boko ba, ba ta rubuta komai, amma zubin mata fiye da 20 a kanta yake: wadda ta zuba, wadda ta yi fashi, wadda kwasa ta zagayo kanta. Ba a taɓa jin rigimar kwabo a hannunta ba. A hunturun bara waccan, cikin irin sanyin nan na Janairu mai fasa leɓe, ta ɗebi garwashi a kasko ta shiga ɗaki ita da jikarta, ta ƙara gawayi a kai don ya kai su asuba, ta tura ƙyaure, ta toshe taga da tsumma. Da asuba ba a ji motsinta ba, ita da take riga ladan tashi. Aka ɓalle ƙofa aka same su kamar gawa. Yarinyar ta farfaɗo tun a tsakar gida, tana amai tana riƙe kai. Gwaggo kuwa ko yatsa ba ta motsa ba.

Aka aiko mini. Na hana a ɗura mata madara da manja, wannan kam na yi daidai, don wanda ba ya cikin hayyacinsa ɗura shaƙe shi take yi, kuma madara ba ta da abin da za ta yi wa gubar da ta shiga ta huhu. Muka kai ta wani asibiti. Aka maƙala mata 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin a jini, ta nuna lafiya lau. Aka ɗaura ruwa, aka yi allurar maleriya, aka sa mata oksijin ta 'yar robar hanci. Wajen azahar ta buɗe ido ta kira sunana, sai aka cire robar. Washegari aka sallame mu. Ni da bakina na ce wa mutanen gida ta warke, a gode wa Allah.

Mako uku cur Gwaggo tana nan ras. Ta ci kasuwa sau biyu, ta je suna, ta soya ƙuli-ƙulinta. Sai ran nan ta ba wata mata kwasar da ba tata ba, aka yi magana ta yi tsaye tana kallon mutane. Bayan kwana biyu ta tayar da sallar la'asar ta kasa sanin raka'a nawa ta yi. Kafin mako ya zagayo tafiyarta ta canza, taku gajeru-gajeru tana jan ƙafa kamar mai takawa a santsi. Fuska ta daskare, ba fara'a ba fushi. Ta fara fitsari a zaune, matar da ko jikanta ba ya ganin ta fito daga makewayi. Daga nan magana ta ɗauke.

Mata suka ce iska ce ta taɓa ta. Wasu suka ce sammu, har aka fara lissafa waɗanda ke bin adashi da ido. Ni da nake ganin na fi su sani na ce gigin tsufa ne, ban tambayi kaina wane irin gigin tsufa ne ke sauka cikin kwana goma ba. Ashe matan ba su yi ƙarya ba, iska ce, sai dai ba wadda suke nufi ba. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu. Ban raina addu'a ba, ranka ya daɗe, ni ma na yi. Da ta fara fita tsakar dare tana lalube, wani ɗan'uwa ya kira mai kemis ya danna mata allurar kwantar da masu taɓin hankali. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ta wayi gari a sandare kamar itace, yawu na zuba, haɗiya ma da ƙyar.

A nan ne muka sayar da tumaki biyu muka nufi birni. Wata likita sa'ar 'yata ta duba ta, ta juyo ta ce, "Baba, a cikin wata biyun nan ta taɓa suma?" Na ce ta taɓa, amma wannan tsohon zance ne, ta warke. Ta ce, "Da wuta a ɗakin?" Shekara 31 ina aikin asibiti, ban taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu a kaina ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Daga ranar na shiga tambaya da karatu. Abin da zan faɗa yanzu ka fi ni saninsa, amma ba kai kaɗai za ka karanta ba.

Gubar sunanta kabon monoksaid. Tana fita ne daga duk abin da ke ci da wuta a inda iska ba ta wadata: gawayi, itace, janareta, injin ban-ruwa da ake saukarwa cikin rijiya. Ba ta da launi, ba ta da wari. Mutanenmu suna jira gawayi ya ruru ya daina hayaƙi sannan su shiga da shi ɗaki, suna ganin an tsira, alhali jan garwashi mara hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya, sai ya zagaya jiki ɗauke da guba a maimakon abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke jira. Na'urar yatsa kuwa ba ta bambance jinin da ya ɗauki guba da wanda ya ɗauki oksijin, shi ya sa ta yaudare mu. Idan aka fito da mutum sarari kawai, sai an yi awa 4 zuwa 6 kafin rabin gubar ya bar jininsa. Da tsantsar oksijin ta abin rufe fuska mai jaka, minti 60 zuwa 90 ne. Wannan yana son lita 10 zuwa 15 a minti ɗaya, a kuma bar shi a fuska aƙalla awa 6 ko da mutum ya tashi zaune. Ƙananan injinan oksijin da suka fi yawa lita 5 suke bayarwa, don haka tukunya ake so a irin wannan rana.

Abin da ya fi damuna shi ne na bayan farfaɗowa. Kowane manomi ya san bishiyar da aka hura wa wuta a gindi. Wutar ta mutu, toka ta huce, ganye yana nan shar, sai bayan makonni a ga ya fara zuba. Haka gubar nan take yi wa wasu. Ta riga ta bar jini, ko an auna ba za a same ta ba, amma ta bar kumburi a ƙwaƙwalwa yana cin rigar da ke lulluɓe jijiyoyi a hankali, har saƙo ya daina wucewa. Tana kuma taɓa can tsakiyar ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa motsin jiki, shi ya sa tafiya ke komawa irin ta masu ciwon karkarwa. Wani mantuwa ce kaɗai za ta same shi. Wani hali ne zai canza, mai haƙuri ya zama mafaɗaci, mai kuzari ya kwanta ba ya sha'awar komai. Wani baƙin ciki ne mai nauyi, wani ya riƙa jin maganganu ko ganin abin da babu. Yaro kuwa sai malaminsa ya ce ya daƙiƙance, a hau shi da bulala.

Koriya ta Kudu ta sha wannan masifa zamanin da suke ɗumama ɗaki da kwal a ƙarƙashin daɓe. Wani likitansu mai suna Choi ya buga bincike a 1983 a kan mutum 2,360 da gubar ta kama tsakanin 1976 da 1981. Mutum 65 ne ciwon ya dawo musu daga baya, wato kusan 12 cikin 100 na waɗanda aka kwantar a asibiti. Tazarar da ke tsakanin farfaɗowa da dawowar ciwo ta kama daga kwana 2 zuwa 40, matsakaicinta kwana 22. Da na karanta alamomin da ya ce sun fi yawa, rikicewar tunani da sakin fitsari da lalacewar tafiya da ɗaukewar magana, sai da na ajiye wayar na fita waje, don kamar a tsakar gidanmu ya zauna ya rubuta. Amma ga abin da nake so kowane gida ya ji: cikin mutum 36 da ya bi sawunsu tsawon shekara biyu, 27 sun warke a cikin shekara ɗaya. Uku cikin huɗu ke nan. Wannan ba hauka ba ce da za a ɗaure mutum a turu a ce shi ke nan.

Ba na roƙon a sayo mana ɗakin nan na ƙarfe da ake sa mutum a matsa masa oksijin. Su kansu masu shi ba su gama daidaitawa a kansa ba. Binciken da aka buga a 2002 daga jihar Utah ta Amurka, a kan mutum 152, ya nuna waɗanda aka shigar ɗakin sau uku cikin awa 24, kashi 25 cikin 100 ne suka sami matsalar tunani bayan mako shida, waɗanda aka ba oksijin na yau da kullum kuwa kashi 46. Wani da aka yi a Ostireliya a 1999 bai ga wannan amfani ba. A bar manya su yi ta gardamarsu. Mu da muke neman tukunyar oksijin mai cike, ba nan matsalarmu take ba.

Gaskiyar da likitar nan ta gaya mini, wadda na sake samu a duk inda na duba, ita ce babu wata ƙwaya ko allura ɗaya da aka tabbatar tana warkar da wannan ciwo na baya. Da farko na ji raina ya ɓaci. Daga baya na gane wannan magana ce mai daɗi ga talaka, domin yawancin abin da ake yi ba ya bukatar kuɗi mai yawa. An fara tabbatar da cewa ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, ba sankarau ba, ba sukari ba. An yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, shi ne ya cinye kuɗin tumakin. Aka dakatar da allurar mai kemis, domin magunguna irin su lagatil da halofiridol suna ƙara sandarewa ga wanda wannan sashe na ƙwaƙwalwarsa ya riga ya ji rauni. Aka gwada maganin ciwon karkarwa, likitar ta ce kada mu ɗora rai a kansa don sau da yawa ba ya yin wani tasiri a irin wannan, kuma haka aka yi. Sai aka tura mu sashen gashi, suka koya wa 'yarta yadda za ta riƙa miƙe mata gaɓoɓi. Sauran aikin a gida aka yi shi.

A nan zan ɗan tsaya, don wannan ne maganin da ba a rubutawa a kati. Kunu da cokali, a zaune, kaɗan-kaɗan, don kada ya bi ta hanyar numfashi. Juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Kai ta makewayi a kan lokaci tun kafin ta nema. Muka ɗaura igiya daga bakin ɗakinta zuwa gindin darbejiya tana bi tana takawa, safe da yamma. Na hana a rufe ta a ɗaki don kunyar baƙi, aka riƙa shimfiɗa mata tabarma cikin mata suna ɓarar gyaɗa, a zuba mata tata a faifai ko ba za ta taɓa ba. A wata na huɗu wata maƙwabciya ta yi kuskuren lissafin mudu, sai aka ji Gwaggo ta ce, "Bakwai ne." Gidan ya kaure da guɗa kamar an yi haihuwa. A wata na tara ta taka da ƙafarta zuwa gidan biki. Ba ta koma yadda take ba. Adashi ya koma hannun wata, abu kaɗan ke sa ta kuka, har aka ɗora ta a kan maganin damuwa, ya kuma taimaka. Amma tana sallarta daidai, tana yi wa jikoki faɗa.

Mu mun ci sa'a ne da tambaya ɗaya, ranka ya daɗe. Roƙona shi ne kada tambayar ta zama sa'a. Duk wanda aka kawo cikin hunturu ko bayansa da canjin hali na farat ɗaya, ko mantuwa, ko tafiya ta lalace, ma'aikacin da ya fara ganinsa ya tambaya ko a cikin wata biyu ya suma, ko ya tashi da matsanancin ciwon kai da amai, a ɗakin da ke da wuta ko kusa da janareta. Ya kuma tambaya ko wasu a ɗakin sun yi ciwo tare, don maleriya ba ta kama mutum huɗu a dare ɗaya ta sake su da hantsi. Takardar umarni shafi ɗaya zuwa ƙananan hukumomi 27 ta isa a fara. A kuma sa shi cikin darasin ɗaliban kwalejin lafiya ta Jahun da ta jinya ta Birnin Kudu, don su ne za su gaje mu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin mhGAP tun 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwukan ƙwaƙwalwa, duk horon da za a yi a ƙarƙashinsa a ware wa gubar gawayi ko da rabin awa ne.

Sai ranar sallama, inda ni na yi kuskure. Wanda ya suma, da wanda ya daɗe a ɗakin, da wanda ya manyanta, su suka fi shiga haɗari. Mai ciki kuma ko ita ta ji sauƙi a kula, don jinin ɗan tayi ya fi nata riƙe gubar. Kada a sallami irin waɗannan da "Allah ya ƙara sauƙi" kawai. A kira mutum biyu daga gidan a gaya musu abin da za su sa wa ido, a rubuta ranar dawowa, bayan mako biyu da bayan mako shida, ko da mutum yana dakan fura da hannunsa. A littafin rajista kuma a rubuta sunan abin da ya faru. Ni kaina na san sau nawa na rubuta maleriya don ita ce ta fi zuwa bakin alƙalami.

Idan ciwon ya bayyana, mutanen ƙauye su san ƙofar da za su nufa. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, ga asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga na tarayya a Birnin Kudu, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Dawanau a maƙwabta. Abin da ya rage shi ne hanya a tsakani: lambar waya ɗaya da malamin asibiti zai kira ya yi magana da likita, da takardar turawa da za ta ambaci daren kaskon ƙarara, don kada a karɓi mutum a matsayin mahaukaci a fara da allurar da za ta sandare shi. Masu kemis ma a ja musu kunne ta hannun ƙungiyarsu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba irin waɗannan marasa lafiya haƙƙi a takarda. A ƙauye haƙƙin yana farawa ne daga kada a ɗaure su.

Wani zai ce ai kakanninmu ma da wuta suke kwana. Haka ne, amma a ɗakin ciyawa da asabari a ƙofa, iska na shiga ta ko'ina. Yau ɗaki na bulo ne da silin da ƙofar ƙarfe da tagar gilas. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa sun koma gawayi. Mai cajin waya da mai gidan kallon ƙwallo suna shigar da janareta zaure don tsoron ɓarayi. Gargaɗin kada a kwana da garwashi akan ji shi a rediyo jefi-jefi, a ci gaba da yi. Abin da nake so a ƙara a bakin masu shela da limamai ranar Juma'a da masu unguwanni jimla ɗaya ce: wanda ya farfaɗo a sa masa ido kwana 40. Kwana 40 ba baƙon lissafi ba ne a wurin Bahaushe, kowace mai jego ta san shi. Malaman ruƙiyya ma a zauna da su cikin mutunci, don su ake fara kai wa. Idan malam ya san ya tambayi zancen kasko, ya yi addu'arsa ya ce a wuce asibiti, an rage makonni na wahala.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, Mai Girma Kwamishina. Kafin takardarku ta fito, na rubuta wani ɗan kati da hannuna, da boko da ajami, na kai an buga mini kwafi 50 na raba wa abokan aikina na kusa. Ga abin da ke ciki, idan ya yi muku ku ɗauka ku gyara:

"Wannan bawan Allah gubar gawayi ko ta janareta ta kama shi ranar kaza. Daga yau zuwa kwana 40, idan kun ga mantuwa, ko canjin hali, ko yawan shiru, ko kuka ba dalili, ko tafiya ta canza, ko sakin fitsari, ku dawo da shi da wannan kati. Kada a yi masa allurar barci a gida. Kada a ɗaure shi. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi. Ranar dawowa ta farko kaza, ta biyu kaza."

Allah ya ƙara wa Mai Girma Kwamishina lafiya. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin asibiti, daga ƙasar Gumel